Haƙorin da Aka Goge

Ranar Talata na fasa wa Dogo baki a bayan ɗakin gwaji, shi kuma ya tsaga mini haƙarƙari. Ƙanin matata ne. Shekara talatin muna aiki a benci ɗaya, ban taɓa ɗaga masa hannu ba sai ran nan. A kan wani ɗan ƙarfe muka yi, wanda bai kai kan ɗan yatsa ba.

Ni makaniki ne a wata cibiyar bincike. Masu ilimi su zana a takarda, ni in yanka a ƙarfe. Baba Magagari suke ce mini, don ba na sakin aiki sai na bi bakinsa da magagari. 'Yata ma a nan take aiki, injiniya ce. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwata nake ce mata, a gida da wurin aiki, ko a gaban wa.

Ita ta zana injin. Inji ne na tace ruwan gishiri ya koma na sha, ana tura ruwan da ƙarfin iska. A da, in masu bincike suka zo da sabuwar dabara, sai mu ƙera inji sukutum, wata uku muna fama, a gwada sau ɗaya a jefar. Uwata ta ce a daina. Ta ce a yi shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da aikinta ɗaya tak. Tubali ta sa musu suna. Akwai mai turawa, akwai mai awo, akwai mai tacewa, akwai tukunyar iska. Fuskarsu duk iri ɗaya ce, kusurwa huɗu, noti huɗu. Ka kwance wannan ka ɗaura wancan, ka sauya jeri yadda kake so. Abin da yake cin wata uku ya koma ana gwada shi iri uku kafin rana ta yi tsaka. Ban taɓa ce mata ta yi ƙoƙari ba, amma ta sani.

Dogo ma ya samu abin tsokana. In na ce, “Miƙo mini matata,” ina nufin tubalin tacewa, sai ya ce, “Yayar tawa ka mayar ƙarfe? Ai gara haka, wannan ba ta jin masifarka.” Shekara shida da rasuwarta, bai daina wannan wasan ba.

Tubali ɗaya ne ya hana ni sakewa. Mai numfashi. In iska ta yi yawa a tukunya, shi ne yake buɗewa ya yi fuuu, ta ragu. Yana da gaba da baya. Ka ɗaura shi a juye, notinsa huɗu za su shiga lafiya lau kamar na kowa, amma ba zai yi numfashi ba. Iskar ma ƙara danne murfinsa za ta yi. Uwata ta san haka, shi ya sa ta sa aka yi masa koren fenti, aka zana jar kibiya a gefensa tana nuna inda iska za ta bi.

Dogo ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi. Duka biyun ƙasa-ƙasa yake ganinsu, jar kibiya a kan koren ƙarfe kuwa ba ya ganinta sam. Ba wanda ya sani a duniya sai ni da yayarsa. Da an sani, da ba a ɗauke shi aikin ba, kuma ko yau aka sani sallama ce. Tana kwance a asibiti, saura kwana biyu ta rasu, ta kama hannuna ta ce in rufa wa ƙaninta asiri har in mutu. Na ce na ji. Ni ba na magana biyu.

Sai na yi abin da na iya. Na yi waldar ɗan ƙarfe a fuskar mai numfashi ta gaba, na huda rami daidai shi a fuskar tukunya. In ka juya shi, fuskarsa ta baya ba ta zama a kan tukunya, don na bar wa tukunyar ɗan tudu a gefen ramin. Hanya ɗaya yake shiga. Haƙori na sa masa suna. Ba ya cikin zane. Wata takwas ba wanda ya kula.

Dokta ne ya gano, shugaban ɗakin gwajin. Ranar Alhamis manyan baƙi za su zo, waɗanda za su yanke ko a ci gaba da binciken ko a rufe. Yana so a kwance injin a gabansu, a sake jera shi cikin minti goma. Ran Talatar nan da safe ya gwada ɗaura mai numfashi a bayan mai turawa, ya ƙi zama. Ya shafa, ya ji haƙori.

“Baba Magagari! Mene ne wannan?”

“Haƙori.”

“Na ga haƙori ne. Wa ya sa ka?”

“Ba kowa.”

“Kowane tubali ya shiga ko'ina. Shi ne duk binciken, shi ne abin da za mu nuna. Kai ka mayar da wannan ɗan gata, sai wuri ɗaya yake kwana. A goge shi yau, da tudun duka.”

“A huda wa sauran rami.”

“Tubali arba'in, cikin kwana biyu? Kuma a sake zane, a sake rubutu? Akwai kibiya. Makaho ne kawai ba zai gan ta ba.”

Dogo yana bayansa yana share sifana. Bai ɗago ba.

“To a yi kibiyar da fari,” na ce.

“Ja shi ne alamar haɗari a nan, haka yake a rubuce. Fari na ruwa mai tsabta ne. Baba, aikinka yanka ne, ba tsari ba.”

Uwata ta taso daga teburinta. “Baba, me ya sa ka yi shi? In da dalili ka faɗa, sai mu duba.”

“Hannu yana kuskure.”

“Hannun wa? Ku biyu ne kawai kuke ɗaurawa, kai da Kawu.”

Na kau da kai. Dokta ya miƙo mini magagari. Na ƙi karɓa. Ya juya ya miƙa wa Dogo, Dogo ya karɓa. Ina tsaye ya danne tubalin a benci ya ci haƙorin har ya yi sumul, ya bi tudun tukunya ya kwantar. Minti biyar bai yi ba.

Da aka tashi cin abinci na ja shi bayan ɗakin, wajen tarin tsofaffin bututu.

“Je ka faɗa musu.”

“In faɗa musu me, Yaya?”

“Idonka.”

“Su kore ni saura shekara biyu in ajiye aiki? In koma gida in ce wa yara me? Fenti yana da tudu. Da yatsa nake jin kibiyar, tun kafin ka yi haƙorinka haka nake yi.”

“Uwata ce za ta tsaya gaban agogon awo.”

“'Yata ce ni ma. Ni na goya ta kana can kana zare wa mutane ido.”

“In ba ka faɗa ba—”

“Sai ka faɗa? Faɗa mana. Je ka tono yayata ka ce mata ka fasa.”

A nan na kai masa naushi. Leɓensa ya tsage, haƙorinsa ɗaya ya faɗi cikin bututu, na ji ƙararsa. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙuruciya da shekara goma sha biyu. Ya cakume ni ya maka da tarin ƙarfen, bakin wani bututu ya same ni a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke. Na kama wuyansa, ya sa gwiwa a cikina. Muka yi ta birgima a cikin tsatsa da baƙin mai kamar karnuka. Maigadi da direba ne suka raba mu. Dokta ya fito, ya ga jini a rigar Dogo, ya ce a fitar da ni, kada in sake taka cibiyar sai bayan baƙi sun tafi. Maigadi ya riƙe mini hannu har bakin ƙofa. Na fizge. Shekara talatin ina wuce shi yana gaishe ni.

Ran Laraba da yamma Uwata ta zo gidana da maganin shafawa. Ta zauna a kan kujerar mahaifiyarta.

“Baba, ka ba ni kunya.”

“Na ji.”

“Kawu ya ce wasa ne ya yi zafi. Ƙarya yake. Me ya haɗa ku?”

“Gobe kada ki tsaya kusa da tukunya.”

“Ni ke karanta agogo.”

“To ki duba mai numfashi da idonki kafin a kunna.”

“Minti goma aka ba mu, kowa da abin da zai riƙe. Kawu ya ɗaura shi ya fi sau ɗari. Ko akwai abin da ka sani?”

Maganar tana bakina. Kalma huɗu ce, ba ta fi ba. Na dubi kujerar da take zaune a kai, na haɗiye. Na gaya wa kaina yatsan Dogo bai taɓa yi masa ƙarya ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba.

“Babu,” na ce.

Ta ajiye maganin ta tafi.

Ran Alhamis ƙarfe goma ina tsaye a wajen shingen waya, ta gefen da tagogin ɗakin gwaji suke. Ba na ganin ciki sosai, amma ina ji. Na ji ƙarar sifana da sauri, na ji tafi. Sun gama jeri ke nan. Mai turawa ya tashi. Na san wannan injin kamar tarin kaina. Daga kunnawa zuwa fuuu na farko ƙirga arba'in ne. Na fara ƙirgawa.

Arba'in. Shiru.

Arba'in da biyar. Muryar mai turawa ta fara sauyawa, tana yin siriri, kamar wanda aka shaƙe.

Na nufi ƙofa. Maigadi ya tare ni da sanda. “Baba, ka yi haƙuri, an hana—” Na kama sandar, na buga masa goshi a hanci. Ya zauna a ƙasa. Na yi gudu, haƙarƙarin yana sukata kamar wuƙa.

Da na banke ƙofar ɗakin, abin da na fara gani safar hannu ne. Sababbi, farare, masu kauri. Dokta ya raba wa kowa saboda baƙi. Suna hannun Dogo. Da su ba za ka ji tudun noti ba, balle na fenti. Na dubi mai numfashi. Jar kibiya tana kallon tukunya.

Uwata ta sunkuya gaban agogo tana ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa, don allura ta wuce inda ta saba tsayawa. Fuskarta ba ta fi taki ɗaya daga tukunyar ba. Baƙi shida suna can baya cikin manyan riguna, Dokta yana yi musu bayani.

“A kashe!” na ce. “A juye yake!”

Dokta ya waiwayo yana shirin yi mini tsawa. Dogo bai dubi injin ba, ni ya duba. Ya gane. Makunnin yana can ƙarshen benci, ya yi nisa. Uwata ce kusa. Taki biyu ya yi, ya rungume ta ta baya, ya juya da ita, ya ba wa tukunyar bayansa.

Ban ji ƙarar ba. Iska ce ta ɗauke ni ta buga da ƙofa. Da na buɗe ido, tagogi duka sun zube, ruwan gishiri yana zuba daga rufi, fitilu suna lilo a wayarsu. Noti ɗaya ya shige bango har bai fito ba. Benci mai nauyin mutum shida ya kife. Wani baƙo yana rarrafe, gilashi a kumatunsa, bakinsa a buɗe, ba na jin abin da yake cewa. Sannu a hankali kunnena ya dawo, sai ihu.

Dogo yana kwance rub da ciki, Uwata a ƙarƙashinsa. Murfin tukunyar ya tsage biyu, rabi ya shige masa baya, ƙasan kafaɗa. Ba wanda yake motsi a cikinsu.

Dokta yana tsaye, ko ƙwarzane babu, takarda a hannunsa. Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na kama kwalarsa na kai shi ƙasa. Na buga, tabaransa ya fashe a hannuna. Na sake bugawa, na ji muƙamuƙinsa ya goce. Yana kare fuska yana cewa, “Baba, Baba,” ina bugu. Mutum uku suka kama ni, na watsar da biyu. Na laluba ƙasa na samu sifana babba, na ɗaga. Da na sauke ta, da yau wani labarin ake yi.

“Baba!”

Muryarta ce. Ta janye jikinta daga ƙarƙashin Dogo, jini yana fita daga kunnenta na hagu, ya jiƙa mata wuya. Tana da rai. Sifanar ta faɗi daga hannuna.

“Baba, Kawu! Zo ka riƙe shi!”

Na durƙusa. Muka juya shi a gefe, ba mu taɓa ƙarfen ba. Idonsa a buɗe. Leɓen da na fasa masa ya kumbura har yanzu. Na cire masa safar hannun, na jefar. Ya kai hannu ƙirjinsa, ya ɗago, ya duba abin da ya shafo.

“Yaya.”

“Yi shiru. Mota na zuwa.”

“Wannan ne jan da kuke ta faɗa?” Ya yi kamar zai yi dariya, jini ya biyo. “Ni dai ƙasa-ƙasa nake gani. Ashe ban yi asarar komai ba.”

“Dogon banza, rufe bakinka.”

“Ta tashi?”

“Ta tashi.”

“To ka ce wa yayata—” Bai ƙarasa ba. Ya ja numfashi biyu, na ukun bai zo ba.

Uwata tana riƙe da kansa. Kunnenta na dama ne yake wajen bakinsa, ta ji komai. Ta dubi hannunsa, ta dubi koren tubalin da yake can cikin ruwa da jar kibiyarsa, ta dube ni.

“Ba ya ganin ja?”

“Ba ya gani.”

“Tun yaushe?”

“Tun haihuwa.”

“Ka sani?”

“Na sani.”

“Jiya ma ka sani, da na tambaye ka?”

“Na yi wa mahaifiyarki alkawari.”

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta mare ni, a gaban baƙi, a gaban maigadi da ya shigo riƙe da hanci. Hannunta da jinin kawunta. Ban kauce ba.

Bayan sati biyu aka kafa kwamiti. Sun so su ɗora wa zanenta laifi, su rufe binciken. Na tashi ban jira a kira ni ba. Na faɗa musu haƙori, na faɗa musu ido, na faɗa musu safar hannu, na faɗa musu yammacin Larabar da aka tambaye ni na ce babu. Dokta yana zaune, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya iya magana. Ya rubuta a takarda ya miƙa, aka karanta: shi ya ba da umarnin gogewa, kuma ba zai kai ni ƙara ba. Ban gode masa ba. Suka sallame ni a ranar. Binciken suka bar mata, da sharaɗin a gyara.

Ta gyara. Ta sake zane tun daga tushe. Yanzu kowane tubali yana da haƙori a gaba da rami a baya, duk iri ɗaya. Ka jera su yadda ka ga dama, kowanne zai shiga ko'ina, amma ba wanda zai shiga a juye. Kibiya ma a jikin ƙarfen ake sassaƙa ta, mai zurfi, ko da safa za ka ji. Kunnenta na hagu bai dawo ba.

Wata biyu ba ta tako gidana ba. Matar Dogo ma ta rufe mini ƙofa, ban ga laifinta ba. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida, direba ya sauke tubali arba'in a rumfar da nake ajiye bencina. Sabon makanikinsu ya gwada haƙoran, suna girgiɗi. Uwata ta shigo da zane a naɗe, ta shimfiɗa a benci, ta danne da guduma.

“Ina kwana, Baba.”

“Lafiya, Uwata.”

Ta ja kujera ta zauna, ta ba ni gefen hagu.

Kwana tara na yi ina yanka. Kullum tana zuwa da ma'auninta a aljihu. Tun tana yarinya take ganin aikina, ba ta taɓa sa masa ma'auni ba. Yanzu duk wanda na gama sai ta ɗauka, ta auna tsawon haƙorin, ta auna kaurinsa, ta auna ramin, ta rubuta. Ta gwada shi a daidai, ta juya ta gwada shi a juye, ta danna da ƙarfinta duka. Sannan ta ajiye shi gefe.

Na talatin da ɗaya ta auna sau biyu. Ta turo mini shi a kan benci.

“Ya ɗara da kaurin gashi.”

“Zai shiga.”

“Ban ji ba, Baba.”

Na zagaya ta damanta. “Na ce zai shiga.”

“Na san zai shiga. Gyara shi.”

Na danne shi a benci, na ɗauki magagari.